Miya a Injamena

Ranar farko a kasuwar Dembe
na nuna tumatir, 'yan ƙwara biyar.
Matar ta ce, "Miya."
Na ce e, Baba, miya zan yi, wa ya faɗa miki?
Ta sake cewa miya, ta buɗe tafin hannu.
Wani yaro mai baro ne ya cece ni:
a garin nan miya ɗari ce,
ɗarin ma ta riyal, sai ka ninka sau biyar.
Na mayar da uku, na ɗauki biyu.
Tun ranar miyata ta tsinke,
har yau ba ta yi kauri ba.

Ɗakina a Ridina taku huɗu ne da rabi.
Hajje Zanuba ba ta duba kalanda,
amma ran ɗaya ga wata
tarinta na riga ladan isowa ƙofata.
Haya ta ci, ruwan jarka ya ci,
ɗan kilando ya yagi nasa a hanya,
ni ne ƙaramin gida, ni ke suɗe kwano.

Sanyi nake gyarawa.
Firij, na'urar sanyaya ɗaki, injin ƙanƙara,
a gidajen da karensu ma ba ya haki.
Na kan ɗan jinkirta ɗaure noti na ƙarshe
don iskar ta daɗe a ƙeyata.
Da dare sai in jiƙa zani, in fita tsakar gida,
wuta kuwa ta zo kamar mai bin bashi:
ta leƙo, ta ga babu, ta tafi.

Inna ta kira daga Malam Madori.
"Sabitu, kana ci kuwa?"
Ina ci.
"An ce kuɗinsu ya fi namu nauyi."
Haka ne, Inna.
Ban ce mata nauyin a hanya yake zubewa ba,
kamar gishiri a buhun da ɓera ya sani.
Lantana na son waya mai hoto.
Na ce bayan salla. Ban ce wace salla ba.
Kati ya ƙare a tsakiyar addu'arta,
na ce amin ni kaɗai.

Ba yunwa ce ta fi ciwo ba.
Faranti ne.
Duk na kasuwa an yi su don hannu biyar,
na zaga har na samo na yara,
mai hoton kaza a gindi.
Idan na cinye, ni da kazar mu kalli juna.

Ran Lahadi in hau gada in tsallaka Kusuri,
sabulu ya fi sauƙi a can, da shinkafa.
Gaskiya kuma ba sabulu ke kai ni ba:
akwai wani mahauci mai zagin yaransa da Hausa,
in tsaya kamar ina taya tsire
har ya gama.

Jimet, maƙwabcina, ba mu haɗa harshe ba.
Tsohon firijinsa ya shekara yana ajiyar takalma.
Wani dare na buɗe bayansa, na hura, na ɗaure,
ya yi tari, ya kama.
Kashegari ga kofin karkanji a bakin ƙofata,
zoɓo ne dai, ya sauya suna kamar kowa,
da ƙanƙara guda tana juyi a ciki.
Na bar ta a baki har haƙori ya yi tsami.

Wata na tara ke nan.
Na san lungun da burodi ke araha bayan isha,
na san inuwar da ba a kora.
Jiya a tasha wani saurayi da jakar leda,
takalminsa fes, idonsa na neman wanda zai gane shi,
ya ce, "Malam, don Allah nawa ne zuwa Farsha?"
Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Miya."
Ya yi murmushi, ya ce ai ya ƙoshi.