Ɗanyar Laka

Shekara ashirin da shida ina kiran salla a Bukoki,
muryata ta san kowane rufin kwano na unguwar.
Sai ga ƴata Tsahara ta dawo daga Katako
da waya mai tsatsa cikin buhun siminti,
da lakar Bubon da ta saya hannun masu tukwane.

Kwana goma sha ɗaya tana bayan ɗaki.
Ta tanƙwara waya, ta yi haƙarƙari,
ta yaɓe da laka, ta bar gefe guda a buɗe
har ana hango katangar maƙwabta ta cikin ƙirjin.

Na ce: Tsahara, gunki ne wannan?
Ta ce: Baba, ina idonsa?
Ba ido. Ba baki.
Inda fuska za ta zauna, sai gurbin babban yatsanta.

Abin yana durƙushe, goshi ya kusa ƙasa,
saura faɗin tafin hannu.
Wanzami ya leƙo, ya ce sujada ce.
Mai ƙosai ta ce a'a, mace ce allura ta suɓuce mata.
Wani anasara daga Filato ya taya,
Tsahara ta ce ba a gasa shi ba,
ko bakin titi ba zai kai ba.

Ni na san durƙuson nan.
Haka uwarta take yi a watan da ta bar mu,
har yau ban sani ba, salla take,
ko ciwo ne ya naɗe ta.
Ban faɗa wa kowa ba.

Na ce ta kai shi wuta ko ta rushe shi,
in huta da bakin mutane.
Ta ce: Baba, mu ma ba a gasa mu ba.

Daren Laraba hadari ya taso daga gabas.
Da asuba na fito,
na tarar kafaɗa ta narke, baya ya zube,
jan ruwa yana bin lambatu,
goshin kuwa ya sauka, ya taɓa ƙasa.

Ledar da nake rufe lasifika tana hannuna.
Ban rufe shi ba. Ban kuma tafi ba.

Ranar, kiran salla ya makara da minti bakwai.
Da liman ya tambaya,
na ce masa ruwa ne.