Ranar da Sabis Ya Ɗauke

Shekarar da aka ja ƙofofi,
annoba ta kore mu daga asibiti,
na koma Mabera da jaka ɗaya,
hantsaki, almakashi, da zare a ƙasan aljihu.

Ɗakin tiyata ya ƙanƙance,
ya shige wayata mai tsagaggen gilashi.
Na jingina ta da gwangwanin madara
a zauren Kawu Modi baduku,
don nan kaɗai sabis ke leƙowa.

Likita Attahiru, rabin fuska cikin takunkumi:
"Ku dubi wuyan hannuna,
allura ba tura ta ake ba, juya ta ake."
Mu arba'in da biyu, kowa a ɗan akwatinsa.
Zakara na cara a bayan Sanusi,
Luba na jijjiga goyo, ta manta muna jin ta.

Ana tsakiyar ƙulli hoto ya daskare.
Hannun malam ya tsaya a sama,
zare a rataye, ciki a buɗe,
da'ira na ta juyi a kan hanjin wani bawan Allah.
Ni ga zufa, ga azumi a baki.

Kawu bai ɗaga kai daga basillarsa ba.
Ya turo mini guntun jar fata:
"Ke ɗiya, mi kika jira?
Hwata ba ta son gaggawa, ba ta son tsoro.
Haɗa baki da baki,
kak ki ɗame ta hat ta yi hushi."

Wata biyar haka.
Da hantsi malam a waya, da la'asar Kawu a tabarma.
In ɗinka, ya warware,
in ɗinka, ya yi tsaki, ya warware.

Da aka sassauta, aka kira mu uku-uku.
Wata tsohuwa daga Wamakko,
lauje ya tsage mata damtse.
Abin da waya ba ta faɗa ba,
Kawu ma bai faɗa ba:
fatar mai rai tana da ɗumi,
kuma mai ita tana kallon ki.

"Ɗiyata, kin taɓa yi?"
"Sau ɗari, Inna."
Ban ce mata a fatar akuya ba.

Ɗinki bakwai. Likita ya sunkuya ya duba, ya daɗe.
"Wannan ƙullin, yaushe na koya muku shi?"
Na ce, "Ranar da sabis ya ɗauke."