Ɓarawo Mai Mabuɗi

Shekara tara muna gadin gonar kaji a Mando,
ni da tocila da gora, Barsu da hanci.
Ko gafiya ba ta taɓa wuce mu da ƙwai ba.

Daren Talata ya yi tari,
busasshe, kamar ana jan buhu a kan siminti.
Da asuba na jefa masa ƙashi,
ya duba, ya kau da kai.

A Kawo, Likita Saraya ta saurari haƙarƙarinsa,
ta daɗe ba ta ce uffan ba,
sannan ta juya takardar magani, ta zana ɗan ɗaki.

“Baba Tanimu, irin wannan dubu dubbai ne,
jere daga hancinsa zuwa maƙogwaro har huhu.
Kowane ɗaki da ƙofa, kowace ƙofa da kwaɗo,
kwaɗon kuwa, da wani dangin sukari aka ƙera shi.”

Na ce, sukari?
Ashe shi ya sa ɓarawo bai sha wuya ba.

Ba ta yi dariya ba.
“Ƙwayar mura ba ta haura katanga.
Mabuɗi ne a jikinta ko ta ina,
ta gwada nan, ta gwada can.
Inda ya zauna daidai,
ɗakin da kansa ke jawo ta ciki,
ta mai da mai gida bara,
ya kwana yana ƙera mata ’ya’ya.
Akwai kwaɗo irin na tsuntsu, akwai irin namu.
Kare ya tara na tsuntsu,
namu ma bai rasa ba.
Amma bari gwaji ya dawo tukuna.”

Sai na tuna ƙanena a Panteka,
yadda yake cin haƙorin mabuɗi da zarto,
kaɗan, kaɗan,
har ya buɗe kwaɗon da ba don shi aka yi ba.

Na kuma tuna ranar Asabar,
kaji biyu da suka kwana matattu.
Na ce binnewa asara ce.
Da hannuna na miƙa masa.

Yau na haƙa rami mai zurfi bayan rumbu.
Barsu na ɗaure shi kaɗai a ƙarƙashin darbejiya,
ruwa a gabansa, tsohon bargona a jikinsa.

Ƙarfe biyun dare na girgiza kwaɗon ƙofar gona.
Yana nan daram.
Can ya sake tari.
Ban san sa’ad da na kai hannu
maƙogwarona ba.