Kilo Ɗari Uku da Sha Biyu

Katin gayyata ya same ni a Alaba Rago,
ina tsugune gaban sikeli, hannuna duk baƙin mai.
Yaron Madam Morenike ne ya kawo,
ya ce ran Asabar, ƙarfe huɗu, can tsibiri,
gidan baje zane za su yi buɗewa.

Na fito da shaddar da na ajiye don Sallah.
Danfo biyu, sannan doguwar gada a kan ruwa,
Zulai na riƙe da gefen rigata,
'yar shekara tara, tun asuba take tambaya:
Baba, me ake sayarwa a can?
Na ce ni ma yau ne farkon zuwa.

Ƙofar gilashi ta buɗe ba wanda ya tura.
Sanyi ya doke mu kamar firjin mai kifi.
Wata budurwa ta duba katin,
ta ce yara kyauta, ran Talata kowa ma kyauta,
ga abin sawa a kunne mai bayani da Turanci da Yarabanci.
Na ce Hausa fa? Ta yi murmushi, ta ce yana tahowa.

Ɗakin farko hotunan masuntan Makoko.
Na biyu duhu, sai ƙarar ruwan sama daga bango,
ƙasa kuwa ko ɗigo babu,
mutane tsaye, hannu a baya,
suna gyaɗa kai ga ruwan da ba ya zubowa.

Sai babban zaure.
Tana tsaye a tsakiya, ta kusa taɓa rufi,
mace ta ƙarfe, da tire a ka, fitilu kewaye da ita.
Ƙirjinta ƙofar danfo ce da na saya a Oshodi,
lotsawar gefen hagu ni na ƙara da guduma.
Zaninta kwanon gidan da aka rushe a Ijora.
Yatsunta cokula. Kunnenta murfin risho
na wata tsohuwa a Mushin
da ta ce in ƙara ɗari, shi ya dafa mata abincin amarci,
na ƙara hamsin, ta tafi ba ta ko waiwayowa.

Kilo ɗari uku da sha biyu.
Ni na auna, ni na rubuta a bayan kwalin taliya.
Wani mai tabarau yana gaya wa Turawa biyu
wai tsatsar nan tarihin birni take faɗa.
Ni dai na san tsatsa tana rage farashi,
na san damina uku kayan suka yi bayan shagona
awaki na hawa.

Na miƙa hannu in shafa lotsawar tawa.
Mai tsaro ya taso, cikin ladabi ya nuna allo:
ba a taɓawa.
Na mai da hannun aljihu,
har da tabon da ƙofar ta bar min a babban yatsa.

Madam Morenike ta ratso taro,
ta ja ni gaban ƙaramin rubutu a bango.
Zulai ta karanta da ƙarfi, baƙi-baƙi:
sunan Madam, shekara, sannan can ƙasa, siriri,
da kayan Malam Tanimu Gaya, Alaba Rago.
Aka ɗan tafa.
Na yi ta gyara hular da ba ta karkace ba.

A shagon bakin ƙofa ana sayar da hotonta a kati,
guda ɗaya ya ninka kuɗin murfin risho sau goma.
Na sayi ɗaya. Shayinsu ban ko tambaya ba.
Asabar mai zuwa akwai ajin yara, a zo da gwangwani da waya,
Zulai ta riga ta rubuta sunanta,
sai a mota take sanar da ni, tana hamma.

Gosulo ya riƙe mu a gada har magariba.
Ta yi barci a cinyata, katin a hannunta.
Ni ina ta laluben Mushin a kaina,
layin da ke bayan mai facin taya,
ko tsohuwar tana nan,
ko za ta gane murfinta a kunnen ƙarfe,
ko kuwa za ta dube ni sama da ƙasa
ta ce, to, cikon hamsin ɗina fa?