Ɗakin da Aka Auna Numfashinsa

Shekara talatin da ɗaya ina ɗora bulo kan bulo,
daga Runjin Sambo har Arkilla
ba a taɓa rushe mini katanga ba.
Na san igiya, na san magwaji,
idona ma kansa ma'auni ne.
Amma iska? Wa ya taɓa auna iska?

Ran Talata ta zo, Injiniya Ige,
da akwati biyu da yaro mai jan waya.
Ɗakin ajiyar magani ne, in ji takardar aiki,
sanyi za a tsare a ciki kamar dukiya
a garin da rana ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi.
Ta ce, "Baba Arzika, sai ɗaki ya ci jarrabawa
kafin a sa hannu, kafin cikon kuɗinka."

Ta toshe bakin ƙofa da jan tamfal,
fanka a tsakiya, faɗin matankaɗi.
Aka rufe tagogi. Ta kunna.
Fanka ta shiga zuƙar ɗakin
kamar mai zuƙe ɓargo daga ƙashi.
Kunnuwana suka yi dum.
Lambobi na hawa a allon hannunta, ba ta ce uffan ba.

Sai ta kunna ɗan tsinke mai hayaƙi,
ta bi bango da shi sannu, kamar mai neman allura.
Hayaƙi ya miƙe, ya miƙe,
da ya kai gindin taga sai ya karkace.
Bakin soket ma haka.
Inda bututu ya huda bango kuwa, rawa ya yi,
wurin da Jelani ya ce ya liƙe tun Alhamis,
ni kuma ban duba ba.

Hayaƙi ba shi da dangi a Sakkwato.
Bai san ni ba, bai san ubana ba.

Ubana, maginin tubali da azara,
shi ya ce mini ɗaki kamar mutum yake:
bar masa hanci, bar masa 'yar kafa a sama,
in ka toshe shi duka, kabari ka gina.
Na faɗa mata haka ina share zufa.
Ta ce, "Gaskiya tai. Wanga ma zai yi numfashi,
amma ta hancin da muka yi mishi,
ba ta yagewar riga ba."

Kwana huɗu muna bin kafa-kafa
da roba, da danƙo, da ɗan yatsa.
Jelani bai ɗaga kai ba, ni ma ban yi faɗa ba.
Ran Asabar fanka ta sake kuka,
hayaƙi ya tsaya cak kamar mai jiran liman.
Ta juyo allon ta nuna mini lamba.
Ban san ma'anarta ba. Na dai ga ta zaro biro.

Da dare na kwanta a ɗakin da ubana ya gina,
iska na shiga ta inda ta ga dama.
Na kunna maganin sauro, na ajiye a ƙasa,
barci ya ƙi zuwa.
Ina ta kallon inda hayaƙin zai nufa.