Gwangwanin Inna Tabawa

Ranar Asabar na tashi daga aikin dare,
idona jawur, ƙafafuna kamar an ɗaure,
na hau bas mai bene, na zauna a takure,
gwangwanin Inna Tabawa a cinyata, na rungume.

Yayyafin Birmingham ba ya sallama,
ba ya ban kwana, ba ya jin magiya.
Shagon tsoho Tranter na can unguwar maƙeran zinariya,
ƙofa mai ƙararrawa, ciki sai warin tagulla.

Na zazzage masa gadona a kan koren ƙyalle:
anini, ɗari, kwabo mai huji,
taro, sisi, sule mai kan sarki,
da fataka biyu da ta ce ko ana yunwa kar a taɓa.

Kwana uku na yi ina musu hidima,
tsamiya, toka, lemun tsami, soson ƙarfe,
sai da kowanne ya nuna mini fuskata.
A gidanmu ba a kai wa baƙo kwano da tsatsa.

Ya zura farar safar hannu.
Ya maƙala gilashi a ido guda, kamar mai gyaran agogo.
Ya kama kwabo ta gefe,
yadda ake karɓar jinjirin da ba a raɗa wa suna ba.
Ya daɗe.
Ya ce, "Wa ya wanke su?"
Na ce, "Ni," na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Ya ce, "Kin kankare shekara tamanin a dare uku.
Duhun da kika kira dauɗa, shi muke saye."
Ya miƙo gilashin, na leƙa.
Wayyo, gona ce aka yi wa huɗa,
kunya bayan kunya, duk aikin sosona.
Garin gyaran gira, Tabawa, jikarki ta tsone ido.

Ashe kuɗi ma hawa-hawa ne a wurinsu:
akwai wanda yatsa bai taɓa ba tun fitowarsa wuta,
akwai wanda ya ɗan zaga kasuwa ya koma ya kwanta,
akwai wanda ya sha yawo har gashin sarki ya shafe,
rubutun baki ya lashe, shekara ta dushe.
Nawa duk 'yan yawo ne.
Wannan igiyar lalita ta cinye masa huji,
wancan ya faɗi a dutse, gefensa ya lotse.
Sule guda kuwa ya ture shi da farce,
ya ce, "An cije shi. Ko kyauta ba mai ɗauka."
Na san cizon.
Haka take gwada na jabu a bakin tukunyar ƙosai.

Talatin da ɗaya, ya yi musu kuɗin goro: fam shida.
Na fara kwashewa, kunya na cin wuyana,
sai ya karɓi gwangwanin ya ƙwanƙwasa gindinsa.
Anini guda ya faɗo, baƙi ƙirin,
wanda ya maƙale a lungu ya tsere wa wankana.

Tsohon nan har hannunsa rawa yake.
Ya juya shi a haske, tauraron nan bai ko dakushe ba.
Ya nuna mini harafi ƙarami kamar kan kwarkwata,
ya ce, "Ga tambarin maƙera. A garin nan aka buga shi,
tafiyar minti goma daga ƙofar nan."
To, ya je Funtuwa ya ga rana,
ya dawo gida a jakar ma'aikaciyar jinya.

Fam arba'in da biyar.
Anini, wanda ko yaro a da yake raina wa!
Na sayar. Sanyi ya shigo, mita ba ta san gado ba.

A bas na ciro sulen da ya ture,
na juya baya ga mutane,
na sa haƙorina a gurbin nata.
Bai zauna ba.
Na manta, Inna mai wushirya ce.