Tekun Aji Na Bakwai

A Gombe, inda mai ruwa ke tura kura
yana ƙirga jarkoki kafin azahar,
nan aka ba ni aji, wai in koyar da ƙirar jirgin teku.

Shekara biyu ina fama da alli.
In zana ƙirjin jirgi, su ga ƙwarya.
In ce igiyar ruwa, Bappayo ya yi hamma
har in hango dasashinsa.

Bana aka kawo kwamfutoci takwas,
biyu ba sa tashi ko an mare su.
Cikin sauran shida teku ke kwance,
shuɗi shar, kamar yanzu aka tsamo shi daga marina.

Yatsa ya taɓa gilashi, ƙarfe ya lanƙwashe.
A ja nan, ciki ya buɗe; a matsa can, hanci ya tsuke.
Bappayo ya gina nasa bene kan bene,
kamar gidan wanda ya yi kuɗi jiya.
Ya danna iska.
Jirgin ya yi tangaɗi, ya sunkuya, bai ɗago ba.
Aji ya kwashe da dariya,
ba wanda ya jiƙe, ba gawar da za a nema.
Ya sake, ya kife. Sau goma sha ɗaya.
Ranar ko tuwo bai tuna ba.

Ladiyo kuwa ba ta ce uffan ba.
'Yar Dadin Kowa ce, a kwalekwale ta yi rarrafe.
Ta ja buhunan lodi ta kwantar can ƙasa,
ta buɗa gindin jirgin, bai fi tafin hannu ba.
Na ƙara mata iska. Ya yi layi, ya dawo.
Na ƙara. Ya dawo.
Na ce, wane lissafi kika bi?
Ta ce, "Malam, babana in zai haye da mutane
cewa yake, ku zauna, kada kowa ya miƙe.
Shi na gaya wa buhunan."

Na juya zan rubuta sunan dokar a allo,
sai wuta ta ɗauke.
Tekuna shida suka ƙafe lokaci guda.

Fanka na juyin ƙarshe.
Ban ji motsin kujera ko ɗaya ba.
Sai muryar Bappayo daga baya:
"Malam, a yi karo-karon fetur mana.
Jirgina na can ƙarƙashin ruwa,
kuma yanzu na san abin da ya kai shi."